Idon Hagu na Gunya

Karo na huɗu ke nan tun kakar bara.
Ba da ka nake ƙirgawa ba, da gawayi nake ja a jikin garu,
zane huɗu a bayan turke, ƙasan inda ragama ke rataye.

Da asuba na tarar ta ba ƙofa baya.
Goɗiyar da kan yi haniniya tun ban ajiye buta ba,
yau shiru.
Fatar idon hagu ta kumbura ta rufe ruf,
hawaye ya yi hanya har muƙamuƙi,
gashin wurin ya ƙame kamar an zubar da koko.
Ƙudaje sun riga ni sani.

Ilu mai kanwa ya leƙo ta katanga:
wata ne, in ji shi, in ya cika sai ya sha idon doki.
Tsohuwarmu ta ce a tauna gishiri a fesa.
Wani ya ce kwalli.
Na ce to, na ce to,
na zaga bayan rumbu na kira Likita Mannir a Daura.

Ya iso Sandamu kafin hantsi, jaka ɗaure a bayan babur.
Ya ɗiga wani ruwa rawaya, ya haska tocila, ya daɗe yana dubawa.
Ƙarzuwa yake nema.
Ya ce in da rauni a kan ƙwayar, maganin bara zai zama guba,
kada in kuskura in sa ba a duba ba.
Babu rauni. Ɗan baƙin tsakiya ne ya tsuke
kamar bakin jakar marowaci.

Ya ce, Hamisu, wannan ciwo ba ya sallama.
Baƙo ne mai barin takalmi, ya tafi don ya dawo ɗauka,
kuma kowane zuwa sai ya fita da ɗan haske a aljihu.

To, sai na ɗaure magani a jikin salla don kada in manta:
asuba, azahar, magariba, bayan lisha.
Kafaɗata ƙarƙashin haɓarta, babban yatsa a kan fatar ido,
ina yi mata ƙaryar da ake yi wa yara: saura kaɗan, saura kaɗan.
Na rufe tagar barga da buhunan taki,
rana ta zama abokiyar gaba.
Barira ta yanka tsohon gidan sauro ta ɗinka mata hula,
kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, yara suka yi ta dariya.
Harawa a ƙasa yanzu, a yayyafe da ruwa.
Ƙusar da ke jikin ginshiƙi na zare ta.

Buhun gero ɗaya da rabi, abin da ya ci bana.

Ran Lahadi dillali ya same ni a gindin kuka:
bari idon ya washe ka kawo ta Mai'aduwa,
wa zai gane?
Ban ce masa a'a ba. Gaskiya ke nan.
Na kwana ina lissafi har zakara ya yi cara,
sai na ji ƙafafuna sun kai ni barga da kwalba a hannu.

Kwana goma sha biyu, ido ya buɗe.
Da ɗan hazo a gefe, kamar ruwan gasara bai gama kwanciya ba.
Yanzu in zan zo ta hagu sai na yi gyaran murya,
in kira sunanta kafin hannu ya sauka.
Ta juyo da kunne tukuna, sannan kai.

Jiya mun kai albasa daga fadama, a hankali.
A bakin kwalbati ta tsaya, ta karkata wuya, ta auna da dama,
sannan ta taka.

Gawayin yana nan bisa garu inda na bar shi.
Akwai wurin zane na biyar.