Ta Bakwai

A ofishin manoman albasa, Domayo, Marwa,
kwamfuta goma sha ɗaya nake kiwo,
ba sanda, ba gora,
sai manhaja guda da allo.

Kowane minti takan ƙwanƙwasa musu ƙofa:
kina nan?
Wadda ta amsa, ɗigonta kore shar.
Wadda ta yi gum, ja wur.

Ita ta tona asirin Hamajoda
da ke shanye mana data wajen kallon ƙwallo.
Ita ta raba ni da tuwon rana,
na tsallako Mayo Kaliyawo a babur,
ashe ɓera ne ya gaigaye waya.

Amma ta bakwai, ta bakin taga,
yau kwana arba'in tana ja.
Wayarta lafiya. Wutarta lafiya.
Malam Barkindo ne mai kunna ta,
kafin shayinsa ya huce,
ya ƙirga buhunan da za su Duwala.

Danni biyu ya isa in goge ta daga jeri.
Na sani.
Na dai bar manhajar tana sallama,
minti bayan minti,
ita da ba ta gajiya,
ita da ba wanda ya gaya wa
an yi jana'iza.