Barsu a Ƙarshen Disamba

Ni mai gadin albasa ne a Marwa,
sito na uku bayan Mayo Kaliyawo,
inda kogi ya kwashe ruwansa ya bar wa yara filin ƙwallo.
Abokin aikina ƙafa huɗu gare shi,
kunne ɗaya a tsage, sunansa Barsu.
Ba a biyansa ko sefa biyar,
amma shi ke jin takun ɓarawo
tun ina neman takalmina.

Disamba ta zo da sanyin asuba
mai bin ƙashi kamar tsohon bashi.
Na yanka buhu biyu na shimfiɗa masa bayan ƙofa,
na ɗora tsohuwar rigar sanyina,
wadda Talatu ta ce ko mahaukaci ba zai karɓa ba.
Barsu ya karɓa. Ya zagaya sau uku, ya kwanta.

Ranar Kirsimeti maƙwabcina Wangso
ya aiko 'yarsa da shinkafa da kaza,
kwano rufe da faranti, tururi na fita ta gefe.
Ta ce, "Baba, ƙasusuwan na Barsu ne."
Na ce, "A'a, 'yata, ƙashin kaza dafaffe allura ne,
shiga yake da daɗi, ya tsaya a hanji."
Miyar ma na hana shi.
Shekara tara ina kwana cikin albasa,
sai bara likitan dabbobi ya ce mini
ita ke tsinka jinin kare a hankali.
Na tsame tsoka biyu, na ɗauraye, na ba shi.
Ya dube ni kamar na ci rabonsa.

Duna ban yi masa haka ba.
Duna, wanda ya riga shi.
Daren sabuwar shekara, bara waccan,
yaran Domayo suka kunna abin da suke kira fetar,
sama ta yi ta tsagewa ba hadari,
ya tsinke igiya ya faɗa titi.
Wani ya ce babur ne.
Wani ya ce ya ga buhu yana motsi a bayan keke.
Na bi yashi har hantsi ina kiran suna.
Igiyar tana nan, rataye a ƙusa.

To bana tun la'asar na cika masa ciki,
na ja shi cikin sito, na sa sakata.
Rediyo na kunna, ba don labarai ba,
don muryar mutum ta rufe ƙarar waje.
Sha biyu ta buga, gari ya ɗauka,
ƙararrawar coci, hon na mota, gwangwani, ihu.
Barsu ya cusa kai ƙarƙashin gwiwata,
jikinsa na kaɗawa kamar ganyen dalbejiya.
Na ɗora hannu a wuyansa.
Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba.

Na san masu cewa, "Tsoho da kai, kana shafa kare?"
Ruwa da ƙasa suna wanke hannu, na sani,
na kuwa wanke kafin asuba.
Wanda ban sani ba
shi ne abin da ke wanke mutum
in ya bar mai tsaronsa a waje daren tsoro.

Gari ya waye, titi duk jan takarda ƙonanna.
Na zare sakata.
Ya fita, ya shinshina sabuwar shekara,
ya ɗaga ƙafa a gindin katanga,
ya dawo bakin aiki.