Daƙiƙa Arba'in da Biyar

Watan Fabrairu a Nebraska,
ƙanƙara ta danne gonakin masara har bakin titi.
Na rufe taswira da takarda,
na juya allon haruffa ya fuskanci katanga,
don yau ko bango ba a yarda ya yi wa yaro raɗa ba.

Su goma sha ɗaya ne.
Iyayensu na mayankar shanu tun asuba,
wuƙa a hannu, hular roba a ka.
Ni kuwa ga littafin umarni,
abin da zan faɗa an rubuta shi da baƙi mai kauri,
ba ƙari, ba ragi,
ba murmushin da zai zama satar amsa.

Abin jin da Nyakim ta sa ya fi kanta girma.
Eh Doh na ƙirga yatsu a ƙarƙashin tebur.
Deeqa ta ɗaga hannu: "Malama, me wannan kalma ke nufi?"
Na sani. Amsar na kan harshena kamar alewa.
Na haɗiye.
Na karanta mata abin da littafi ya ce:
"Yi iya ƙoƙarinki."
Ta yi mini kallon maƙwabcin da ya hana gishiri.

Sai ɓangaren magana.
Yeison, ɗan shekara tara daga duwatsun Guatemala,
harshen uwa ɗaya, harshen hanya ɗaya,
Turanci ne na ukunsa.
Kwamfuta ta nuna masa hoto:
iyali a bakin tafki, kwando, kare da ƙwallo.
Wata murya mai sanyi ta ce ya ba da labari.
Jan ɗigo ya kama.
Daƙiƙa arba'in da biyar.

Ya buɗe baki.
Ya ce, "Kare."
Shi ke nan.

Yaron da makon jiya ya bayyana wa likita
inda kafaɗar babansa ke ciwo,
yaron da ke karanta wasiƙar mai gida
ya tausasa ta kafin ta isa kunnen uwarsa,
ga shi yana kallon ɗigo
kamar idon maciji.
Na ƙirga tare da na'ura. Talatin. Arba'in.
Hannuna na baya, ɗaya riƙe da ɗaya,
kada wani ya kuɓuce.

Kakata Ludmila ta zo garin nan da harshen Czech kawai.
Ta taɓa ce mini kalmomin baƙon harshe kaji ne:
ka kai hannu su watse,
ka zauna shiru su zo tsince a gindin ƙafarka.
Ban ga wannan a littafin umarni ba.
Na duba.

Ɗigo ya mutu. Na tattara, na ƙirga, na sa hannu.
Sakamako sai watan Mayu,
lamba guda a cikin ambulan,
wadda za ta ce ga iyakar abin da ke bakinsa.

A baranda wani ya ja mini hannun riga.
"Malama, shuɗiyar motar can kusa da shara taki ce?
Kin bar fitila a kunne tun safe.
In batir ya mutu kada ki damu,
babana na da wayar haɗi, ƙarfe uku yake tashi,
amma fa sai kin jira ya wanke hannu."
Duk da Turanci. Numfashi ɗaya.
Na waiga ina neman jan ɗigo,
babu kowa sai mai goge daɓe.

Na fita ko rigar sanyi ban ɗauka ba.
Na murɗa makulli.
Mota ta yi tari sau biyu ta yi shiru.
Na duba agogo, ɗaya da kwata.