Ƙyale-su da Albasa

Ni ne mai kwana bisa buhunan albasa
a rumfar Alhaji Mantau, bakin kasuwar Tawa.
Shekara shida ba ni da abokin dare
sai wani dogon kare ja, mai ƙirji kamar kwando,
wanda na raɗa wa Ƙyale-su.

Abin da na ci, shi yake ci.
Ƙanzon shinkafa, romon kai,
da albasar da ta yi saura a tiren Ɗan Jimma mai tsire,
in juye masa har da man,
in ce: ci, arzikin garinmu ne,
mu da ke cika motocin Abijan ba ma yi wa baki rowa.

Ran Lahadi, kasuwa ta cika ta batse,
amalanke ya bi ta gaban hancinsa, bai ɗaga kai ba.
Na kira, wutsiya ta bugi ƙasa sau ɗaya,
kamar mai ba da haƙuri.
Da ya miƙe ya yi fitsari a gindin bedi,
sai na ga launin zoɓon da ya kwana.

Mai kabu-kabu ya ce ba ya ɗaukar kare.
Na saɓa shi a wuya,
ƴan dako na dariya: Arzika ya sayi rago mai haushi!
Haka muka isa gidan likitan bisashe,
zuciyarsa na dukan ƙeyata da sauri da sauri.

Malama Habsu ba ta fara da allura ba.
Ta ɗaga leɓensa, ta ce matso ka gani.
Dasashin da na sani ja kamar cikin kankana
ya koma fari, cikin sabuwar ƙwarya.
Ta danna da yatsa, ta jira jini ya dawo,
jinin ya yi nawa.
Ta leƙa kunne, ta tsinci kaska uku, ƙosassu,
ta ce waɗannan ma ɓarayin jini ne,
amma faɗa mini, me yake ci?

Na lissafa da alfahari.
Ta aje alƙalami.

Ta ce: albasa, ɗanya ko soyayya,
kai tana gyara maka miya,
shi tana farfasa masa ƙwayoyin jini.
Ba ta nuna hali ran da aka ci,
sai ta kwana biyu, uku, tana aiki a ɓoye.
Cikinsa ba cikinka ba ne, Malam Arzika,
ko da tabarmarku ɗaya.

Ban sami ta cewa ba.
Na shinshini hannun rigata.

Kwana biyu da robar ruwa a ƙafar gaba,
jikka huɗu da na ranta wurin Ɗan Jimma,
wanda ya rantse shi ma bai sani ba.
Kafin mu tafi ta ƙara mini karatu:
in ka ga harshe waje cikin zafin bazara,
ba kwaɗayi ba ne, fankarsa ke nan,
jikinsa ba ya zufa irin naka,
ka ba shi inuwa da kaskon ruwa mai tsabta.
In ya murmure ka dawo da shi allurar hauka,
ga karne, kada ɓera ya ci.

Yanzu tukunyarmu biyu.
Tasa gaya ce, da ƴar tsoka, babu yaji, babu komai,
yana ci yana harara ta tawa.
Kowace asuba, kafin motoci su fara lodi,
nakan tsuguna in ɗaga leɓensa da fitilar salula.
Yau ya kai jan ɓawon albasar Galmi.
Na rasa wani abin kwatance,
duk abin da na sani a duniya cikin buhu yake.

Ya zame kansa daga hannuna,
ya tafi yi wa jakin Mantau haushi.