Kalma Ɗaya, Kaya Goma

Ran da na sauka Agege da jaka ɗaya,
Turancina bai cika cokali ba.
Kawu Sallau ya kai ni gidan Madam Ronke a Ikeja,
ya ce, "Tuƙi ka iya, saura kunne."

Safiyar farko makulli ya faɗi ƙasa,
ta ce, "Pick it up."
Na sunkuya na ɗauka, na ce a raina,
in dai wannan ne, ai ko yaro ya iya.

Da azahar ta ce in je in pick up yara a makaranta.
Na tsaya ina auna ƙarfina:
yara uku, babbar ta kai kafaɗata,
a wuya zan saɓo su, ko goyo zan yi?
Mai gadi ya yi dariya har shayinsa ya zube:
"A mota, Malam, a mota!"

Waya ta yi ƙara muna cikin cunkoson Oshodi.
"Pick up mana!"
Na ɗaga ta sama ina kallo,
ashe amsawa ake nufi.

Wata na uku, kasuwar atamfarta ta kwanta a Balogun,
ta ce kafin Disamba za ta pick up.
Wa ke da kafaɗar ɗaukar kasuwa?
Ashe farfaɗowa ce,
kamar majinyaci ya buɗe ido ya nemi kunu.

Sai daren da ba wanda ya yi dariya.
Aka ce 'yan sanda sun pick up Tanimu, abokin ɗakina,
shi da babur ɗinsa, a hanyar Iju.
Kalmar dai ita ce, ko riga ba ta canza ba.
Kwana biyu muna karo-karon kuɗin beli.

Jiya a Mil 12 wani ya ji ina cinikin tattasai da Yarbanci,
ya ce a wace makaranta na koya?
Madam ta leƙo ta tagar mota:
"He picked it up."
Wato tsinta na yi,
a tasha, a bakin masu danfo,
yadda kaza ke tsintar tsaba ba wanda ya auna mata.

Da dare na kira Inna a Gusau in ba ta labari.
Sau uku wayar na ƙara, shiru.
Sai na ji bakina yana cewa a hankali,
pick up, Inna,
pick up.