Babi na Uku

Malamina ya ja jan biro ƙarƙashin layi,
ya ce, "Ina ra'in da ka ɗora aikin a kai?"
Kwana uku ina juya takardu a Katsina,
na huɗu na hau motar Daura.

Iya Tasalla na kan tabarma, ƙwarya kife cikin ruwa.
Na zaro tambayoyi goma sha biyu, kowace da lambarta.
"Wace shekara kika fara kiɗa?"
"Shekarar da rijiyarmu ta rufta."
To, a wane layin jadawali zan sa wannan?

Na ce ta sassauta hannu in ƙirga bugun.
Ta ce, "Kiɗan da aka ƙirga kunun jiya ne."
Rakoda ta kama tarinta,
ta kama kukan akuya da sallamar mai nono,
ba ta kama kafaɗarta ta hagu ba,
can kuwa rawar take.

Da la'asar ta ce, "Aje biro, ɗan nan."
Na buga. Ƙwarya ta amsa kamar mai mura.
Jikoki har da faɗuwa don dariya.
"Kunnenka ya yi makaranta," in ji ta,
"hannunka ko allo bai ɗauka ba."

Yanzu dare ya raba.
Hanyoyin bincike: hira, kallo, shan dariya.
Na goge na ƙarshe. Na mayar.
A manazarta sunanta na can ƙasa,
laifin harafi ne, ba nawa ba.
Ƙarƙashin tebur kuwa
ƙafata ta ƙi tsayawa.