Ganye Huɗu a Hanyar Doguwa

Daga Kwanar Ɗangora muka hau a-kori-kura,
buhun taki goma sha biyu, mu tara a kai,
da akuya mai ƙorafi tun kafin a tashi.
Ɗanliti direba ya yi bisimilla, ya murɗa makulli,
motar ta yi tari sau uku kafin ta yarda.

Marka ce. Masara ta fid da gemu,
shinkafar Tudun Wada kore shar har inda ido ya gaji.
Wani yaro a kan kunya, fartanya a kafaɗa,
ya ɗaga mana hannu kamar ya san inda za mu.

Kusa da ni Malam Barau,
shekara ashirin da bakwai a Kurmi yana ɗaurin huhu.
Abin da ya dawo da shi: jaka ɗaya, tari,
da gwangwanin tumatir a cinya,
ciki da dashen goro, ganye huɗu.

"Baba, goro a ƙasar Kano?" in ji mai akuya.
Aka kwashe da dariya, har da ni.
Bai ce uffan ba,
ya cire hula ya kare gwangwanin daga iska.

Sai Falgore ta haɗiye mu.
Rana ta ɓace tsakanin maɗaci da kanya da ƙirya,
rassa sun sarƙe, sanyi ya sauko,
ƙamshin jiƙaƙƙen ganye ya cika hanci.
Birai uku suka tsallaka titi, ko kallo ba mu ishe su ba.
Ɗanliti ya kashe rediyo.
Kowa ya yi tsit, har akuya.

Hadari bai yi sallama ba.
Muka ja tamfol, muka dunƙule kamar kaji a akurki.
Shi kaɗai ya miƙa hannu waje,
ruwa na dukan ganyen nan huɗu.
"Haka yake can," ya ce, "kullum haka,
itace bisa itace, gabas ma sai ka tambaya."
Ban sani ba ko duk ruwan sama ne a fuskarsa.

Da muka fito, duwatsun Riruwai na hayaƙi daga nesa.
Ya bubbuga jikin mota a wata mararraba,
ya biya kuɗinsa da tsofaffin takardu masu laushi,
ya bi burtali tsakanin dawa,
kai ba hula, hular na kan gwangwani.

Ni dai taki na kai wa yayana.
Damina biyar ke nan.
Duk sanda muka zo mararrabar
ina roƙon Ɗanliti ya rage gudu,
har yau bai tambaye ni dalili ba.